Kare mai gashi hawa biyu a bazarar Maraɗi: a aske shi ko a taje shi?

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya ce yayansa ya kawo masa farin kwikwiyo mai tulin gashi daga Kano, mai sayarwa ya ce Samoyed ne. Yanzu watansa bakwai. Gashi yana zuba ko'ina a gidan, ya fara dunƙulewa a bayan kunnuwa, ga bazara ta kawo kai, kare sai haki yake yi. Abokansa sun ce ya kira mai aski a yi masa ƙwal. Yana son sanin ko a aske shi, sau nawa za a yi masa wanka, kuma ko zai yi gadi idan ya girma.

Amsa:

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Kada ka bari a sa masa injin aski. Amma in na tsaya a nan ban yi maka adalci ba, domin abokanka matsala ta gaskiya suka gani, maganin ne suka kuskure. Karen nan yana jin zafi, kuma zafin Afrilu da Mayu na garin nan yana iya kashe shi cikin yini guda. Abin da zai sauƙaƙa masa shi ne a riƙa fitar da mataccen gashin da ya cushe can ciki, a kuma gyara masa wurin kwana da lokacin fita. Da tun kafin a saya aka tambaye ni, da na ce a bar shi inda yake. Tunda ya riga ya shigo gida, haƙƙinsa yana wuyanka, sai mu yi maganar yadda za a riƙe shi.

Fara da ɗora shi a sikeli. Fararen karnuka masu gashi da ake shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, duk wanda ka tambaya sai ya ce maka Samoyed ne ko Eskimo, alhali iri uku ne ko huɗu masu kama da juna, ga kuma barbarar yanyawa a tsakaninsu. Samoyed na asali babban kare ne. Namiji yana kai santimita 57 ko kusa da haka daga ƙasa zuwa doron kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 30, mace ta ɗan gaza. Eskimo na Amurka, wanda tushensa karen Jamus ne, mafi girmansa bai cika wuce kilo 16 ba. Akwai na Japan da ke tsayawa tsakanin kilo 5 da 10, sai Pomeranian ɗan mitsitsi mai kilo 2 ko 3. Namijin Samoyed mai wata bakwai ya kamata a ce ya haura kilo 15. Idan naka yana kilo 7 ko 8, to ƙaramin iri aka ba yayanka, kuma ni a wurina gobarar Titi ce: ƙaramin jiki ya fi saurin fitar da zafi, tazarsa ma ta fi sauƙi. Kulawar gashin dai iri ɗaya ce a dukkansu.

Samoyed ya fito ne daga arewacin Sibiriya a ƙasar Rasha, wurin makiyaya irin su ƙabilar Nenets masu kiwon barewar ƙasar ƙanƙara. Karen yana taya su kiwo, yana jan kaya a kan ƙanƙara, da dare kuma yana kwana tare da su cikin tanti, a sanyin da ke kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Wani Bature mai suna Ernest Kilburn-Scott ya kai shi Ingila a 1889, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta fara rajistarsa a 1906. Daga wannan tarihin abu biyu suka biyo shi har tsakar gidanku: gashin da aka yi don sanyi, da zuciyar da ba ta jure zaman kaɗaici. Ka dubi karen Azawak na Abzinawa, gashi gajere manne da fata, ƙafafu dogaye, ciki a ɗame. Wancan shi ne ginin karen ƙasarmu.

Yanzu buɗe gashinsa da yatsu ka duba. Na sama dogo ne, miƙaƙƙe, mai ɗan kaushi da sheƙi, shi ke tare ruwa da ƙura da hasken rana. Na ƙasa gajere ne, mai laushi, a cunkushe, shi ke riƙe ɗumi. Za ka ji masu cewa wai gashin nan yana sanyaya kare lokacin zafi yadda yake ɗumama shi lokacin ɗari. Rabin gaskiya ce. Zafi yana zuwar wa kare ta hanya biyu, daga rana da kuma daga cikin jikinsa. Gashin sama yana tare na rana, wannan haka ne. Amma gashin ƙasa idan ya mutu ya cushe bai fita ba, yana hana zafin jiki fita, iska kuma ba ta isa fata. Saboda haka aikinka shi ne ka rage na ƙasa ka bar na sama, injin aski kuwa bai san wannan bambanci ba, duka biyun yake kwashewa.

Abin da ke biyo bayan askin shi ne nake son ka sani tun yanzu. Fatar fararen karnukan nan siririya ce, ja-ja, ba ta taɓa ganin rana ba, ranar Maraɗi tana ƙona ta cikin ɗan lokaci. Ƙuda da sauro sun samu hanya. Sannan gashin ba ya dawowa tare. Na ƙasa yana saurin tofowa, na sama kuwa yana iya ɗaukar shekara ko fiye kafin ya kamo shi, sai ka wayi gari da kare mai gashi buzu-buzu marar sheƙi, wanda ya fi na da saurin dunƙulewa da kwasar ƙarangiya. A wasu karnukan wannan dangi, musamman Pomeranian, wurin da aka aske yakan zauna fili watanni, fatar ta yi baƙi. Kuma ribar da ake nema ba ta kai yadda ake zato ba, domin kare ba ya sanyaya jikinsa da gumi irin namu. Da haki yake fitar da yawancin zafinsa, sai ɗan gumi a tafin ƙafa.

Akwai inda ni da kaina zan ce a aske: idan gashi ya manne da fata ya zama faifai ɗaya da mataji ba zai shiga ba, ko akwai miki ko tsutsa a ƙarƙashi, ko za a yi masa aiki. Nan lafiya ta fi kyan gani. Ban da wannan, abin da aka yarda a rage da almakashi shi ne gashin tsakanin yatsun ƙafa, da na kewayen dubura don kada kashi ya riƙa maƙalewa, da na ƙasan ciki. Na cikin ma ina ba da shawararsa a bazara, a rage shi ya koma kamar tsawon gaɓar yatsa, domin idan ya kwanta a daɓe mai sanyi sanyin ya kai ga fata, kuma rana ba ta dukan wurin.

Zubar gashin da kake gani ba ciwo ba ne. Tsakanin wata shida da shekara guda kwikwiyo yana zubar da gashin yarinta, na girma yana fitowa, kuma lokacin ne dunƙulewa ta fi tsanani, domin matacce yana sarƙewa da sabo. A ƙasarsu ta asali tsawon yini ne ke sa su zubar da gashin ƙasa gaba ɗaya, sau ɗaya ko biyu a shekara. Mu nan bambancin tsawon yini tsakanin damina da hunturu bai kai awa biyu ba, don haka ka sa ran zuba kaɗan-kaɗan duk shekara, da wasu makonni da za ta ƙaru. Mace takan zubar sosai bayan ta yi zafin barbara ko ta yaye ƴaƴa. Zubar da za ta sa ka nemi likita ita ce wadda ta bar fili a fata, ko ta zo da susa da ƙuraje da wari.

Kayan aiki uku sun ishe ka. Matajin ƙarfe mai haƙora wara-wara a gefe ɗaya, matsattsu a ɗaya gefen. Wani mataji mai siffar ƙaramar manjagara, mai dogayen haƙora marasa kaifi, shi ke jawo gashin ƙasa. Sai buroshi mai siraran wayoyi na warware ƙananan ƙulli. Ka tambaya a shagunan magungunan dabbobi, in babu ka sa a kawo maka daga Yamai ko Kano. Kafin su iso, babban matajin mata mai faɗin haƙori zai riƙe ka. Akwai wani iri mai reza ɓoye a tsakanin haƙora da ake tallarsa a intanet, yana cika hannu da gashi har ka ji daɗi, amma rabin abin da ya kwaso lafiyayyen gashin sama ne ya yanke. Ka bar shi.

Yadda ake tazar shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa. Mutum ya bi bayan kare da buroshi sau goma, sama ta yi lumui, ya ce ya gama, alhali can ƙasa gashi ya zama curi. Ka kwantar da shi a gefe ɗaya kan tabarma, da sassafe ko bayan magariba. Ka ɗan fesa ruwa a gashin, domin busasshen gashi karyewa yake yi, balle a hunturu. Ka fara daga ƙasan cinyar baya. Da hannun hagu ka ture gashin sama har layin fata ya bayyana, irin tsagar da ake yi wajen kitso, duk wadda ta iya kitso a gidanku ta riga ta san rabin aikin. Ka taje abin da ke ƙasan tsagar daga tushe zuwa baki, sannan ka matsa sama kamar faɗin yatsa biyu ka sake tsagawa. Haka za ka bi layi-layi har doron baya, ka juya shi ka yi ɗaya gefen. Ba ka gama da wuri ba sai matajin ƙarfe ya ratsa daga fata zuwa waje bai tsaya ba. Wuraren da ke ɓoye ƙulli su ne bayan kunnuwa, ƙarƙashin abin wuya, hammata, matsematsi, gashin bayan cinyoyi da gindin wutsiya. Sau uku a mako ya wadatar a lokacin da babu zuba mai yawa, idan ta taso kuwa kullum ne. Babban Samoyed yana cin kusan awa guda in za a yi shi da kyau, kuma ba dole a gama a zama ɗaya ba. Tunda yaro ne, ka fara da minti goma, ka ba shi ɗan nama idan ya kwanta lafiya. Kare da aka danne da ƙarfi aka taje yana kuka, ya ga mataji ya shige ƙarƙashin mota, ka sayi wahalar shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, domin tsawon ransu ke nan.

Ƙullin bayan kunne da ka ambata, ka kama tushensa da yatsu don kada jan ya kai fata, ka barbaɗa ɗan garin sitaci, ka riƙa warwarewa daga baki kana shiga ciki. Idan ya ƙi, ka zura mataji tsakanin ƙullin da fata, sannan ka tsaga ƙullin a tsaye da almakashi a saman matajin. Fatar bayan kunne tana biyo ƙulli idan an ja shi, a nan ne ake yanka karnuka da yawa ba da niyya ba. Bayan damina kuma ga ƙarangiya da tsidau. Duk ranar da ya fita bayan gari ko wajen gulbi, ka duba tsakanin yatsunsa da hammatarsa a ranar. Ƙarangiya ɗaya da ta kwana uku a gashin nan ta tara curi, ƙayarta kuma tana shiga fata ta yi ruwa.

Wanka sau ɗaya a wata ko wata ɗaya da rabi ya isa. Gashin sama ba ya riƙe datti sosai, ko laka ya shiga, ka bari ta bushe ka taje, yawancinta za ta zube. Ƙa'ida ta farko: a taje kafin a jiƙa. Ruwa yana ƙara ɗaure ƙulli, wanda kake iya warwarewa jiya bayan wanka sai almakashi. Ka yi amfani da sabulun ruwa na karnuka, ka sirka shi da ruwa a gora kafin ka zuba, ka cuɗa har fata. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata su bar ta da ƙaiƙayi, sabulun mutane ma ba a yi shi don fatar kare ba. Kada son fari ya sa a zuba masa bula ko jabel, na ga ana yi, fata ke biya. Jan ƙasar da ke rina ƙafafunsa zai riƙa raguwa da taza. Ɗauraya ta fi cuɗa muhimmanci, ka yi ta zuba ruwa har ka ga babu kumfa, sannan ka ƙara.

Sai busarwa, wadda a damina ita ce babbar magana. Sama tana iya bushewa cikin awa ɗaya, ƙasa ta kwana da laima. Laima da ɗumi a ƙarƙashin gashi su ke haifar da jan miki mai ruwa, wanda ke faɗaɗa cikin dare guda, kare ya yi ta lasa yana cizo, ƙudaje kuma su sami wurin ƙwai. Ka matse shi da tawul, kada ka murza, ka sa shi gaban fanka kana tsaga gashin kana tajewa har ka taɓa fata ka ji ta bushe. In za ka yi amfani da na'urar busar da gashi irin ta mata, ka sa ta a iska mai sanyi. A watan Agusta ka zaɓi safiyar da gari ya washe, kada ka yi masa wanka da la'asar. A ranar wankan ka duba farce, in kana jin ƙararsa a siminti ya yi tsawo, kada ka manta da ɗan farcen gefen ƙafa da ba ya taɓa ƙasa, shi ke lanƙwashewa ya shiga nama. Kunne kuma a goge iya inda ido ke gani.

Taza tana da wani amfani da ya wuce gyara: ita ce kaɗai hanyar da za ka ga kaska. A karen gida mai gajeren gashi daga nesa kake hango ta, a wannan kuwa tana iya cika wuyansa ba ka sani ba. Kaskar karnuka tana zama a tsagogin bango da ƙarƙashin daɓe, mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai, don haka maganin kare kaɗai ba tare da gyaran makwancinsa ba aikin banza ne. Tana ɗauke da cututtukan jini. Idan ka ga ya yi laushi, ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu ko yana haɓo, ka kai shi likitan dabbobi a ranar. Wajen cirewa ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, kada ka fasa ta da yatsa. Akwai maganin ɗigawa a ƙeya irin su Frontline, da na haɗiya irin su NexGard mai wata guda da Bravecto mai kusan wata uku. A kare mai wannan gashi na fi son na haɗiya, domin na ɗigawa sau da yawa a gashi yake tsayawa. Likita ne zai auna maka gwargwadon nauyi. Baƙin mai, kananzir, fiya-fiya da maganin feshin shanu da ake sirkawa da ka, duk guba ne a jikinsa, gashin yana riƙe su ya yi ta lasa. Haka ma farasitamol da ibuprofen na mutane, kada a ba shi.

Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a yashi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya jiƙa. Tsutsarsa tana huda fata ta zauna, ta tayar da maruru mai ɗan rami a tsakiya, galibi a ciki da ƙafafu. A toshe ramin da basilin na ɗan lokaci, sannan a matse ta fito ɗungurungum, a wanke wurin. Riga-kafin shi ne share makwanci kullum.

To ga maganar zafi, wadda ta fi duk abin da na faɗa nauyi. Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 zuwa 39 ne, idan ya haura 41 kayan cikinsa sun fara lalacewa. A Afrilu da Mayu iskar garin nan kanta tana wuce 40 da rana. Ka ga ke nan babu tazara. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya wurinsa shi ne ɗaki mafi sanyi a gidan, mai daɓen siminti ko tayil, iska tana ratsawa. Rumfar kwano ba inuwa ba ce a wurinsa, kuma kada a ɗaure shi inda inuwa ke gushewa idan rana ta juya. Fanka kaɗai ba ta yi masa abin da take yi maka, tunda ba gumi yake yi ba, sai in ka jiƙa masa ciki da ƙafafu. Idan akwai na'urar sanyaya ɗaki madalla, amma ka yi tanadin lokacin da wuta za ta ɗauke, domin a bazara ta fi ɗaukewa: ƙanƙara a gora a naɗe da tsumma ya jingina, ruwan randa a faffaɗan kasko guda biyu, ko ya kifar da ɗaya akwai ɗaya. Za ka ga yana tona rami a gindin bishiya ya kwanta. Sanyin ƙasa yake nema, ka ware masa wuri ka riƙa yayyafa ruwa, ka tsare tsabtarsa saboda ƙudan da na faɗa. Fita kuwa bayan sallar asuba ne da bayan isha'i. Ka ɗora bayan hannunka a kwalta ko yashi, in ba ka iya ƙirga bakwai ba, tafinsa ma ba zai iya ba. Kada a bar shi cikin mota a rufe, ko da na ɗan lokacin shiga shago ne.

Ka san alamun da ke cewa zafi ya buge shi: haki mai ƙarfi da ba ya lafawa ko ya kwanta, harshe ya zazzago ya yi ja wur ko ya fara shuɗi, yawu mai kauri, tangaɗi, amai ko zawo, faɗuwa. Kada ka ɗauke shi a guje ka tafi neman likita da zafin a jikinsa. Fara sanyaya shi nan take: inuwa, a yi ta kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da matsematsi da wuya har ya ratsa gashi, fanka ko fifita a kansa. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, zafin yake tarewa. Kada a ɗura masa ruwa a baki. Bayan haka a kai shi, ko da ya miƙe ya ga kamar ya warke, domin illar ƙoda da hanta takan fito bayan kwana ɗaya ko biyu.

Abinci yana nunawa a gashi. Ragowar tuwo da miya kaɗai ba za su riƙe wannan kare ba. Karnukan ƙasashen sanyi wasunsu suna da raunin tsotsar sinadarin zinki, hatsi irin su gero da dawa da masara kuma suna ƙara rage tsotsarsa, sai ka ga ɓawon fata yana taruwa a kewayen ido da baki, gashi ya dushe. Ya samu nama, kifi ko dafaffen ƙwai kullum, ko abincin karnuka na buhu mai kyau in aljihu zai ɗauka. Miya mai albasa da tafarnuwa tana lalata masa jini a hankali, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki hanji. A bazara zai rage ci, a ba shi da sassafe da dare. Kuma ido ba ya gane ƙibarsa ko ramarsa, sai ka sa hannu ka laluba haƙarƙari. In asalin Samoyed ne namiji, akwai ciwon ƙoda na gado da ke bayyana kafin shekara ɗaya da ƴan watanni, don haka yawan shan ruwa da fitsari tare da rama dalili ne na gwajin fitsari. Ciwon suga da matsalar kwatangwalo su ma suna cikin irin.

Gadi kuwa, ka cire rai. Zai yi haushi idan an taɓa ƙofa, haushi mai yawa ma, har maƙwabta su yi magana, amma ɓarawon na shigowa zai tarbe shi yana kaɗa wutsiya. In Samoyed ne, dubi bakinsa, gefensa a ɗage kamar mai murmushi, halinsa ke nan da kowa. Yana son yara, yana da wayo, yana da taurin kai, ya ji kiranka sarai ya duba ko akwai riba kafin ya zo. Duka ba ya gyara shi, sai ya sa shi tsoronka. Idan aka ɗaure shi shi kaɗai a bayan gida yini guda, zai yi ta kuka mai tsawo, ya tone gindin katanga, ya tauna takalma, wani ma ya riƙa cizge gashin ƙafarsa. Yana kuma bin duk abin da ya ruga, kaji ne ko jar akuyar maƙwabci, saboda haka fita sai da igiya. Wanda ke son mai gadi, karen gida namu ya fi shi nesa ba kusa ba, ga juriyar zafi ga sauƙin ci.

A nan ne nake ganin za ka zauna da mutanen gida ku yi magana. Kare ne da lafiyarsa ke neman ɗaki mai sanyi, halinsa ke neman zama kusa da mutane, mu kuwa a yawancin gidajenmu kare ba ya tsallake bakin ƙofar ɗaki, kuma iyaye suna da hujjarsu ta addini. Hukuncin ajiye kare da abin da ya shafi yawunsa ka kai wa malamai, fanninsu ne. Abin da ke nawa shi ne in ce a samo masa wuri nasa, ko wani ɗaki da ba a kwana ciki ko baranda mai rufin ƙasa ko siminti, inda zai riƙa ganin shige da ficen mutane, da kwanonsa daban. In gidan ba zai iya ba shi wannan ba, gara a nemi wanda zai iya tun yana ƙarami, kafin Afrilu.

Katin allurar da aka haɗo ku da shi daga wurin mai sayarwa, in babu hatimin likita da takardar kwalbar maganin a manne, ka ɗauka ba a yi ba, ka je ofishin ma'aikatar kiwo ko wurin likitan dabbobi a sake daga farko. Allurar ciwon haukan kare ana fara ta daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta, tare da ta zawon jini mai kashe ƴan kwikwiyo da maganin tsutsar ciki duk wata uku. Ranar da ya ciji wani ko ya yakushe shi har jini ya fito, ko da wasa ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti da katin a hannu.